Sayen Rauta: Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu masu daraja, da iyayenmu waɗanda wannan mujalla za ta isa hannunsu lokacin hutu, ina so in yi amfani da wannan fili da aka ba mu in faɗi ra'ayina game da wani baƙon abu da ya fara shiga gidajenmu a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Abin nan kuwa shi ne ɗan akwatin nan mai ƙananan fitilu, wani da ƙahoni biyu, wani babu, wanda ake kira rauta, watau na'urar da ke rarraba intanet cikin gida ba tare da igiya ba. Ni mutumin Yalwan Damai ne, saboda haka da idon mutumin karkara zan dubi al'amarin. A ganina wannan na'ura tana da amfani ƙwarai ga gidan da ke da 'yan makaranta, amma yadda ake sayar mana da ita, da yadda mu kuma muke sayenta, cinikin biri ne a sama. Mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa ya juya baya, mai saye ya komo gida da kyakkyawan kwali, alhali kuwa babu wanda ya tsaya ya tambaya ko abin zai yi aiki a ɗakin da za a ajiye shi.

Ya kamata mu fara sanin ko mene ne aikin rauta, domin yawancin rigimar daga rashin sanin nan take tasowa. Mutane da yawa suna zaton intanet ɗin a cikin akwatin yake, kamar yadda ashana take cikin kwalinta. Ba haka ba ne. Irin wadda ake kawo mana nan, sim ake sa mata kamar wayar hannu. Ita ke kama sabis daga ƙarfen kamfani mafi kusa, sa'an nan ta watsa shi cikin gida ta hanyar da ake kira waifai, kowa ya kama da wayarsa ko kwamfutarsa. In za mu kwatanta, ƙarfen sabis shi ne rijiya, rauta kuwa randa ce a tsakar gida. Kome girman randa, kome kyaun zanenta, in rijiya ta ƙafe, ko kuwa ta yi nisan da mai ɗiba ba zai iya kaiwa ba, sai gida ya kwana da ƙishi. Rijiyar ma idonta yana da nisa ƙwarai. Daga ƙarfe saƙo yakan bi hanya har Legas, daga can kuma ya bi manyan igiyoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku zuwa Turai. Ranar 14 ga Maris, 2024, wasu daga cikin igiyoyin nan suka tsinke a teku daura da ƙasar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Ghana da maƙwabtansu kwana da kwanaki. Wanda a ran nan ya ɗauki rautarsa ya kai wa mai gyara, ai ya yi asarar kuɗin mota ne kawai.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗan makarantar sakandare da wannan magana? Ruwansa kuwa yana da yawa. Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya cikin 2001, kuma a lokacin magana kawai ake yi da ita. Yau kuwa karatunmu kansa ya rataya a wuyan intanet. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Duba sakamakon jarrabawa, da neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Bayero ta Kano, da cike takardun neman tallafin karatu, duka ta intanet ake yi. Yayyenmu sun ba mu labarin yadda aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, yaran birni suna ci gaba da darasi a gida, na karkara kuwa suna zaune wata da watanni. Uban da ya cire kuɗi daga abin da ya samu na kaka ya sayi rauta, ba don ƙawa ya saya ba, so yake 'ya'yansa su tsaya kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan Kano da Kaduna a ɗakin jarrabawa. Irin wannan kuɗi bai kamata ya tafi a banza ba.

To, bari mu dubi abin da ake rubutawa a jikin kwali, domin da shi ake farautarmu. Za ka ga an rubuta da manyan lambobi cewa na'urar tana gudun megabit 150 ko 300 cikin kowane sakan. Ba ƙarya aka yi ba, amma ba a faɗi gaskiya duka ba. Wannan lamba iyakar abin da na'urar za ta iya ne in kome ya daidaita, kuma sau da yawa gudun da ke tsakaninta da wayarka ake nufi, ba wanda ke zuwa daga ƙarfe ba. Ƙarfen kuwa ba kai kaɗai ke sha daga gare shi ba. Duk masu waya na yankin a kansa suke, shi ya sa za ka ga da asuba abu yana gudu kamar iska, amma bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya zauna da wayarsa, sai ya koma tafiyar hawainiya. Haka nan za a rubuta cewa mutum 32 za su iya kamawa lokaci guda, ko goma in ƙaramar ta aljihu ce mai batir. Za su iya kamawa kam, amma tuwon ba ya ƙaruwa don masu ci sun ƙaru.

Sai kuma maganar 5G, wadda a kanta aka fi ruɗa mutane. Kamfanin MTN ya fara 5G a Nijeriya cikin 2022, a manyan birane irin su Legas da Abuja da Kano da Maiduguri, Airtel kuma ya biyo baya cikin 2023. Rautar 5G ta fi ta 4G tsada, kuma in ƙarfen da ke kusa da gidanka ba ya ba da 5G, to, 4G ɗin nan dai za ta kama, ka ga ka biya kuɗin doki ka hau jaki ke nan. Akwai kuma wani ruɗanin dabam. Waifai yana da zango biyu da aka fi sani, na 2.4 da na 5, kuma wasu na'urori sukan sa "5G" a ƙarshen sunan zango na biyu. Wannan ba shi da dangantaka da 5G ta kamfanonin waya, suna ne kawai ya zo ɗaya. Zangon 5 ya fi sauri, amma ba ya nisa, kuma bango yana kashe shi da wuri. Na 2.4 bai kai shi sauri ba, amma ya fi shi ratsa gini da kai wa nesa. A gida irin namu na 2.4 shi ne abokin tafiya.

Na ce gida irin namu, domin a nan gizo yake saƙa. Masu ƙera waɗannan na'urori da masu tallarsu gidan birni suke da shi a zuci: falo ɗaya, ɗakuna biyu ko uku a haɗe, da wuta a bango dare da rana. Mu kuwa gidanmu akwai zaure, akwai turakar maigida, akwai ɗakunan iyaye mata a warwatse, ga tsakar gida mai faɗi, ga shagon samari can waje. Bangonmu na jar ƙasa ne mai kauri, wanda da damina yake shan ruwa, ruwa kuwa yana shanye ƙarfin waifai. Rufinmu na kwano ne, ƙarfe kuma yana mayar da sabis baya. Bayan wannan ga duwatsu. Duk wanda ya san ƙasar Birnin Kudu ya san Allah ya albarkace ta da manyan duwatsu, har da waɗanda mutanen da suka yi zane a jikinsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Abin alfahari ne, amma dutse in ya shiga tsakaninka da ƙarfen sabis ba ya sassauta maka don kai ɗan gari ne. Gida biyu a unguwa ɗaya, wannan sabis ya cika, wancan sai an hau katanga. Babu kwalin da zai gaya maka a cikin biyun nan ina gidanku ya faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wuta kuwa ba sai na ja magana a kanta ba, kowa ya san halin da ake ciki. Babbar rauta ba ta da batir sai kaɗan daga cikinsu, da an ɗauke wuta ta mutu. Sa'ar da aka yi ita ce ba ta da ci, yawanci bolt 12 take so, kuma abin da take sha bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ko biyu na zamani ba, saboda haka ƙaramin sola da batir sun ishe ta. Amma wannan kuɗi ne dabam, kuma ya kamata mai saye ya sa shi cikin lissafi tun yana shago.

Abin da nake kira a yi abu ne mai sauƙi, ba ya cin ko kwabo. Kafin a sayi rauta, a ari wayoyi masu layukan kamfanoni dabam-dabam, a shiga ainihin ɗakin da za a ajiye ta, a duba wanne ne yake nuna 4G, wanne ne yake sauka zuwa 3G ko ƙasa da haka. Kada a dogara da sandunan sabis kawai, a buɗe shafi a gani, a kunna ɗan bidiyo a gani. A gwada da safe, a gwada da dare, a sake gwadawa kashegari. Layin da ya ci wannan jarrabawa shi ne za a nemi rautarsa. Dalili kuwa shi ne yawancin waɗanda kamfanonin waya ke sayarwa da rahusa a kulle suke, ba su karɓar sim ɗin wani kamfani. Akwai waɗanda ba a kulle ba, masu karɓar kowane layi, sun fi tsada, amma a wurinmu su suka fi dacewa, domin in wannan rijiya ta ƙafe sai ka koma waccan. Mai wurin ɗaura eriyar waje ta fi kowacce, saboda ana iya kafa eriya a kan dogon ƙarfe bisa rufi, ta fuskanci inda sabis yake, igiya ta sauko da shi ɗaki. A kuma tabbata sim ɗin da ke ciki da sunan maigida aka yi masa rajista, domin tun Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma layin da ba a haɗa ba rufe shi ake yi. Wanda ya sayi rauta da layin da wani ya yi wa rajista, ranar da aka rufe ba shi da bakin magana.

Na ga abin nan da idona a gidan baffana. Bayan ya sayar da riɗinsa, ya je Kano ya sayo rauta saboda 'ya'yansa biyu da ke shirin jarrabawa. Mai shago ya kunna masa ita a gabansa, fitilu suka kama, bidiyo ya tashi nan take, ya ce masa, "Alhaji, ai ko a daji kake wannan za ta yi." Da aka iso gida aka kunna, sai jar fitila. Da yake ni ne ɗan makarantar da ke kusa, ni aka ba waya in kira kamfanin. Na saurari murya tana cewa danna ɗaya, danna biyu, na zaɓi Hausa, aka sa mini kiɗa har na gaji, layi ya yanke. Na sake kira na zaɓi Turanci. Wata baiwar Allah ta ɗauka, ta gaishe ni da ladabi, ta ce in kashe in kunna. Na ce an yi. Ta ce in cire sim in mayar. Na ce an yi. Ta tambayi sunan titinmu da lambar gida. Na ce mata Yalwan Damai ne, ƙaramar hukumar Birnin Kudu, Jihar Jigawa, sai da na faɗa mata harafi bayan harafi. Ta ce an rubuta ƙorafinmu, za a kira mu. Har aka yi mako ba wanda ya kira. Baffa ya sake biyan kuɗin mota ya koma wurin mai shago, shi kuwa ya nuna masa rubutun da ke ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Daga ƙarshe wani mai gyaran waya a Birnin Kudu ne ya ba da shawara a ɗaga ta sama kusa da tagar da ke fuskantar hanya. A nan take kama sabis, shi ma sai dare ya raba. Yaran nan biyu sukan tashi tsakar dare su yi karatu, da safe su tafi makaranta suna gyangyaɗi.

Ban ga laifin matar da ta amsa waya ba. Abin da aka rubuta mata take karantawa, kuma tana zaune ne a wani birni mai nisa, ba ta taɓa ganin bangon ƙasa da rufin kwano a bayan dutse ba. Laifin yana ga tsarin. Lokacin sayar da layi, ba inda ba a kaiwa. Je ka kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu ran kasuwa, za ka ga 'yan laima iri-iri da lasifika, ana kiran mutane da Hausa garau. Amma in abu ya lalace, sai a ce ka tafi Dutse ko Kano, kuma takardar da ke cikin kwali daga farko har ƙarshe Turanci ce, wani lokaci har da rubutun Sin. Ashe Hausa ta isa a karɓi kuɗinmu da ita, amma ba ta isa a yi mana bayani da ita ba? Falle ɗaya tak da Hausar boko, da ajami a bayansa, mai nuna ma'anar kowace fitila da wurin da ya dace a ajiye na'urar, zai rage rabin kiran da ake yi musu. Wakilin da ke yin rajistar layi a hedkwatar ƙaramar hukuma, in aka koya masa duba rauta, zai hutar da mutane tafiya mai nisa. Masu shago kuma su yarda da sharaɗin gwaji: a ba mai saye kwana uku, in ba ta kama a gidansa ba, ya mayar da ita lafiya a cikin kwalinta a musanya masa. Ai ko a kasuwar dabbobi akan yi ciniki da sharaɗi. Ɗan kasuwar da ya fara yin haka a Birnin Kudu, ina tabbatar muku shi zai kwashe cinikin ƙauyuka baki ɗaya.

Kafin su gyara, mu ma muna da 'yanci, sai dai da yawanmu ba mu sani ba. Tun 2023 Hukumar Kula da Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta daidaita gajerun lambobi a kan dukan layuka: 300 don kiran masu kula da abokan ciniki, 312 don sayen data, 323 don duba abin da ya rage. In ka kai ƙara ga kamfani, kada ka ajiye waya sai ka karɓi lambar ƙorafinka, ka rubuta ta tare da rana da lokaci. In an yi biris da kai, sai ka kira 622, lambar hukumar ce ta karɓar koke, kuma kyauta ce. Za su nemi lambar nan da kamfani ya ba ka, shi ya sa na ce a rubuta. Rasit da kwali kuma a adana su, kada a ba yara su yi mota da shi.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu 'yan makaranta, domin akwai aikin da ba wanda zai yi sai mu. Rauta ko da ta kama sabis, in ba a saita ta ba, ɓarna ce. A ƙarƙashinta ko a bayanta akwai 'yar takarda manne, mai ɗauke da sunan waifai da kalmar sirri, da wani adireshi na lambobi, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. In ka haɗa wayarka da ita, ka rubuta lambobin nan a wurin da ake rubuta adireshin shafi, sai ɗakin sarrafa na'urar ya buɗe, kuma wannan ba ya buƙatar data. Makulli biyu ne a nan, mutane kuwa ɗaya kawai suka sani. Na farko shi ne kalmar da ake kama waifai da ita. Na biyu shi ne na shiga ɗakin sarrafawar kansa, wanda a na'urori da yawa daga masana'anta "admin" ne kawai, duk yaron da ya san waya ya san shi. Wanda ya sauya na farko ya bar na biyu, ya kulle ƙofar ɗaki ne ya rataye makulli a jikin ƙofar. A sauya duka biyu. A zaɓi tsaron da ake kira WPA2, ko WPA3 in akwai, a guji tsohon nan WEP wanda tuni aka gano hanyar fasa shi. Kalmar ba ta karɓuwa in ta gaza harafi takwas, amma gara a tsawaita ta, a gauraya baƙaƙe da lambobi. Kada a sa lambar wayar maigida, ko sunan autan gida, domin su ake fara gwadawa. In an manta gaba ɗaya, akwai ɗan rami a bayan na'urar, a sa tsinke a danna kamar sakan goma, kome zai koma yadda ya fito daga kwali.

Wani abu da iyaye ba su sani ba shi ne, wayoyin yanzu suna iya miƙa wa juna waifai ta hanyar ɗaukar hoton wata alama mai murabba'i, ba sai an faɗi kalmar sirri ba. Yaro ɗaya ya nuna wa abokinsa, abokin ya nuna wa nasa, kafin mako sai ka ga matasa sun jeru a gindin katangarku da dare kamar ana rabon zakka. A ɗakin sarrafawa akwai jerin duk wayoyin da ke kan rautar, ana iya ganin baƙuwa a toshe ta. Ni ba na cewa a hana maƙwabci. Haƙƙin maƙwabtaka babba ne, kuma ɗan maƙwabcin da zai duba sakamakon jarrabawarsa bai kamata a kore shi ba. Amma kyauta dabam, ɗiba ba izini dabam. Na'urori da yawa suna da waifai na baƙi, mai kalmarsa dabam, wanda za a buɗe in ana so a rufe in an gama.

Sai kukan da aka fi yi, watau data ta ƙare ba a san inda ta tafi ba. Wani lokaci ɓarawon yana cikin gida, kuma ba mutum ba ne. Waya in ta ga waifai takan ɗauka ta faɗa kogi, sai ta shiga sabunta manhajojinta, tana tura hotuna ajiya, tana sauko da duk bidiyon da aka turo a WhatsApp, mai ita yana barci. Waya biyar in suka yi haka a dare ɗaya, sun cinye rabon mako. Maganinsa a shiga saitin kowace waya a nuna mata cewa wannan waifai na awo ne, a kuma hana ta sauko da bidiyo da kanta. Bidiyo shi ne babban maciyi: kallon awa ɗaya, ko da ba mai tsananin haske ba, yana iya cin kusan rabin giga ko fiye, alhali littafin karatu sukutum bai kai ko kusa da haka ba. A kuma yi hattara da tsarin da ake ce wa mara iyaka. Yawancinsu suna da wani ma'auni a cikin ƙananan rubutu, in ka kai shi ba a yanke ka, amma a rage maka gudu har ka gwammace yankewar. Tun da hukuma ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025, kowane giga ya zama abin tattali.

Na san akwai dattawan da za su ce, mu da muke neman a raba yara da waya, kai kuma kana kiran a shigo da intanet har tsakar gida? Damuwarsu gaskiya ce, ba na raina ta. Akwai shashanci da ɓata lokaci da abubuwan kunya a cikin intanet, kowa ya sani. Amma ina roƙonsu su dubi abin ta wata fuska. Yau yaron da ke da waya yakan sayi datarsa a ɓoye, ya tafi inda sabis yake, bakin hanya ko bayan gari, ba mai ganinsa. In kuwa kafa ɗaya ce a gida, tana ɗakin uwa ko turakar uba, to, linzami yana hannun manya. Ana iya kashe ta da dare, wasu ma ana iya sa musu lokacin da za su rufe wa wayar yaro hanya da kansu. Ba ta maye gurbin tarbiyya, amma ta fi rashin sanin inda yaro yake. Sa'an nan ga ƙannenmu da yayyenmu mata. Namiji zai hau babur ya je gari shagon kwamfuta, ko ya hau dutse neman sabis. Yarinya fa? Jarrabawa ɗaya za su zauna, tambaya ɗaya za a yi musu. Rauta a ɗakin uwa ita ce hanyar da 'ya mace za ta sami rabonta ba tare da ta fita ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalili a wurina.

Wasu kuma za su ce, ai kowace babbar waya tana iya rarraba intanet, me ya sa za a sayi wani akwati? Ga gida mai mutum biyu ko uku, ina tare da su, kada su ɓata kuɗinsu. Amma a babban gida wayar maigida tana tafiya gona da kasuwa tare da shi, batirinta yana zafi ya ƙare da wuri, kuma eriyarta ba ta kai ta rauta ba. Akwai kuma intanet na tauraron ɗan'adam, Starlink, wanda ya shigo Nijeriya cikin 2023, shi ba ruwansa da ƙarfe ko dutse, sararin sama kawai yake bukata. Sai dai kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin gidan manomi. Wannan na makaranta ne, ko asibiti, ko ƙungiyar gari da za ta haɗa hannu.

Ina da roƙo ɗaya ga shugaban makarantarmu da malaminmu na kwamfuta. Muna haddace sassan kwamfuta da tarihinta don jarrabawa, amma a ajinmu waɗanda suka taɓa buɗe ɗakin sarrafa rauta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A ware mana darasi biyu kafin hutu, a kawo rauta ɗaya aji, ko ta aro ce, kowa ya sauya kalmar sirri da hannunsa, ya toshe waya ya buɗe, ya danna tsinke ya mayar da ita sabuwa. A kuma ba mu aikin hutu: kowane ɗalibi ya gwada layukan da ke garinsu, da safe da dare, ya rubuto wanda ke kamawa da unguwar da yake kamawa. Muna da ɗalibai daga Yalwan Damai da Kangire da Sundimina da Wurno, muna da na Sara da Basirka da Fagam. In muka dawo muka haɗa takardun nan, sai a buga su a fitowa ta gaba ta wannan mujalla, gari-gari, domin uban da zai tafi Kano sayen rauta ya tafi da shafin a aljihunsa.